Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa lasisi da sauya shi a buɗaɗɗiyar manhaja

Galibin masu rubuta manhaja a Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena ba sa fara aiki daga tushe. Mai haɗa manhajar lissafin kantin magani ko ta rajistar ɗalibai yakan ɗauko laburare, wato guntayen kod da wasu suka riga suka rubuta, biyar ko goma daga shafin GitHub ya ɗora nasa a kai. Wannan ba laifi ba ne, don haka ma aka sake su. Inda ake tuntuɓe shi ne a ga GPL, sanannen lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, a kan biyu daga cikinsu, sai a ce ai gida ɗaya ne. Alhali lambar siga ita ke yanke hukunci.

GPL 2 ta fito a 1991, GPL 3 kuma ranar 29 ga Yuni 2007, kuma ba sa haɗuwa. Kowacce tana cewa duk abin da aka haɗa da ita aka rarraba, to a ƙarƙashinta kaɗai zai fita. Sashe na 6 na GPL 2 ya hana ƙara wani sharaɗi, ita kuwa GPL 3 ta zo da sababbin sharuɗɗa a kan haƙƙin ƙirƙira (patent) da kuma bai wa mai na'ura damar girka manhajar da ya gyara. In ka cika ɗaya, ka karya ɗaya. Abin da ke buɗe ƙofa jimla ce guda a saman fayil: "or any later version". In tana nan, kana iya ɗaukar kod ɗin a matsayin GPL 3 ka haɗa. In an ce siga ta 2 kawai, kamar yadda yake a ƙwayar Linux, babu hanya. Haka ya sami LibreCAD, wadda ta kasa amfani da laburaren LibreDWG saboda ita tana kan 2 kawai, shi kuma yana kan 3.

A nan akwai tarko da mutane da yawa ke faɗawa. Suna buɗe fayil ɗin COPYING, inda rubutun lasisin yake, su nemo jimlar, su gan ta a ƙasa, su yi murna. Wannan wurin misali ne kawai da lasisin ke bayarwa na yadda ake amfani da shi, kuma yana cikin kowane kwafi. Abin dubawa shi ne saman fayilolin kod ɗin da README, ko alamar SPDX, wato gajeren sunan lasisin: GPL-2.0-only ko GPL-2.0-or-later. Idan marubucin bai ambaci siga ko'ina ba, sashe na 9 na GPL 2 ya ba ka zaɓin kowace siga.

Duk wannan yana tasowa ne lokacin rarrabawa. Amma a lura, miƙa wa mai kanti manhaja a filas ko tura masa APK, wato fayil ɗin manhajar Android, ta WhatsApp rarrabawa ce, ko da ba a karɓi sefa ko ɗaya ba. AGPL, 'yar'uwar GPL, ma ta wuce nan: wanda ya gyara manhaja mai wannan lasisi ya ɗora a saba, dole ya ba masu amfani da ita ta intanet kod ɗin.

Kuskure na gaba shi ne zaton cewa dacewa tana tafiya ta ɓangare biyu. Kod mai lasisin Apache 2.0 yana shiga aikin GPL 3, amma na GPL 3 ba ya komawa aikin Apache, kuma Apache 2.0 ba ta haɗuwa da GPL 2 kawai saboda sharaɗinta na haƙƙin ƙirƙira. LGPL 3, lasisin da aka fi sa wa laburare, ma ba ta shiga GPL 2 kawai. MPL 1.1 ta Mozilla ba ta dace da GPL ba, ta 2.0 da ta fito a 2012 ta dace, sai dai in fayil ɗin na ɗauke da sanarwar da ta cire shi. MIT tana shiga kusan ko'ina, amma sunan marubucin da rubutun lasisin suna nan daram, ba a goge su.

Sauya lasisi ya fi duk waɗannan wuya, kuma a nan ne ake yin ganganci. Mai kula da aiki ya canza fayil ɗin LICENSE daga GPL zuwa MIT, ya ɗauka ya gama. Bai gama komai ba. Kamaru da Chadi duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka da kuma ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin fasaha mai hedikwata a Yawunde, kuma haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta abu, ba sai an yi rajista ba. Duk wanda ya ba da gudummawa mai ma'ana, rabonsa nasa ne. Kamar gonar gado ce, babban wa ba ya sayar da ita sai kowane magaji ya yarda.

Ga yadda ake yi. A fitar da sunayen masu gudummawa da umarnin git shortlog -sne, a haɗe masu adireshi biyu ko uku da fayil ɗin .mailmap, sannan a yi git blame don a ga wanda layukansa ke nan har yanzu. A rubuta wa kowa, a faɗi sabon lasisin da lambar sigarsa ƙarara, a ajiye amsar a rubuce cikin ma'ajiyar aikin. "Na yarda" a saƙon murya ba ya wadatarwa. A kuma tambayi kowa ko ya rubuta kod ɗin ne a bakin aiki, domin mai yiwuwa haƙƙin na kamfani ne, ko jami'a, ko ƙungiyar da ta biya kuɗin kwangilar. Layin Signed-off-by da mai gudummawa ke sakawa a bayanin gyaransa ba miƙa haƙƙi ba ne, shaida ce kawai cewa mutum na da ikon bayar da kod ɗin a lasisin da ake kai.

Wanda ya ƙi ko ya ɓace, a cire rabonsa a sake rubutawa daga bayanin abin da kod ɗin ke yi. Sauya sunayen da ke cikin kod ɗin da jujjuya layuka ba sabon rubutu ba ne. Kada kuma a ɗauki shiru a matsayin amincewa. OpenSSL ta sha suka a 2017 da ta ce za ta yi haka, kuma sai a 2021 sigarta ta 3.0 ta fito da Apache 2.0. Mozilla ma ta fara nata sauyin a 2001, ba ta kammala ba sai 2006. Ƙaramin aiki ba zai kai haka ba, amma a ware makonni.

Ko an samu yardar kowa, sauyin ba ya komawa baya. Sigar da aka riga aka saka tana nan da tsohon lasisinta. Da HashiCorp ta sauya lasisin Terraform a Agustan 2023, wasu sun ɗauki sigar ƙarshe mai MPL 2.0 suka ci gaba da ita da sunan OpenTofu.

Akwai kuma kuskuren da ya fi yawa a yankinmu na masu Faransanci: a saka fassarar GPL a COPYING a maimakon asalin. Gidauniyar FSF, wadda ta fitar da GPL, ba ta amince da kowace fassara a matsayin mai ƙarfin doka ba. A bar rubutun Turanci yadda yake, a ajiye fassarar a fayil dabam don fahimta. Wanda yake son lasisin da aka rubuta da Faransanci tun asali, akwai CeCILL da cibiyoyin CEA, CNRS da INRIA suka fitar a 2004, kuma ta yarda a haɗa ta da GPL.

A sabon aiki, a saka layin SPDX a saman kowane fayil tun ranar farko, a gudanar da umarnin reuse lint mai duba bayanan lasisin fayiloli kafin kowace fitarwa, a kuma binciki laburaren da aka ɗauko da manhajar ScanCode mai gano lasisi duk lokacin da aka ɗaga sigarsu, domin sabuwar siga kan zo da sabon lasisi.