Kalmomin nazarin Ingilishi da ke rikita ɗalibanmu na Garwa da Marwa

Yawancin ɗalibanmu da suka zaɓi sashen Ingilishi a jami'ar Marwa ko ta Ngaundare a Kamaru, da Faransanci suka yi firamare da sakandare, kuma daga nan ne kuskure mafi tsanani yake fitowa. Kalmar "phrase" a Faransanci jimla ce cikakkiya, amma a nahawun Ingilishi ma'anarta yankin jimla kawai, kamar yankin suna ko yankin aikatau, ita kuwa jimla "sentence" ake ce mata. Na taɓa duba takardar wani ɗalibi mai ƙwazo wanda aka nemi ya ja layi a ƙarƙashin yankin suna, sai ya ja wa jimlar duka tun daga babban baƙi har aya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, domin ya san nahawun, sunan ne ya yaudare shi. Maganin abin shi ne a buɗe littafi mai layi uku, Ingilishi da Faransanci da Hausa, a rubuta kowace kalma da misalinta. A nan ne ɗalibi zai ga cewa abin da Faransanci ke kira "proposition" shi ne "clause", wato ganga, rukunin kalmomi mai ɗauke da mai aiki da aikatau nasa.

Na biyu shi ne haɗa harafi da sauti. Haruffan Ingilishi 26 ne, amma ƙwayoyin sautinsa a karin Ingila sun kai 44, kuma 20 daga ciki wasula ne, saboda haka wanda ya ce wasulan Ingilishi biyar ne, rubutu ya ƙirga, bai ƙirga furuci ba. Ƙwayar sauti ita ce wadda sauya ta ke sauya ma'ana. Bahaushe yana iya furta "f" kusa da "p" ba tare da kalmarsa ta canza ba, amma "fan" da "pan" abubuwa biyu ne daban.

Ana kuma ɗaukar gaɓa a matsayin ƙwayar ma'ana, wato mafi ƙanƙantar yankin kalma mai ɗauke da ma'ana, alhali "cats" gaɓa ɗaya ce mai ƙwayoyin ma'ana biyu, "banana" kuwa gaɓa uku ce mai ƙwaya ɗaya.

Karin sauti irin na Hausa, wato hawa da saukar murya, shi ma ba shi ne nauyin gaɓa na Ingilishi ba. Kalmar "record" suna ce idan aka danna gaɓar farko, aikatau idan aka danna ta biyu, kuma wanda ya saba da Faransanci yakan kai nauyin ƙarshe kullum. Sai a riƙa duba alamar nauyi a ƙamus, a furta kalmar da ƙarfi kafin a haddace ta.