Yadda ake gano kurakuran nau'in bayanai bayan ɗaga manhaja daga PHP 7 zuwa PHP 8

Manhajar da ta yi shekaru tana aiki lami lafiya a kan PHP 7.4 tana iya komawa farin shafi a ranar da aka mayar da ita kan PHP 8, alhali babu wanda ya taɓa ko layi ɗaya a cikinta. Abin da ya sauya shi ne halin PHP, wato harshen da aka rubuta manhajar da shi. Siga ta 8.0, wadda ta fito a watan Nuwamban 2020, ta daina kau da kai ga abubuwa da yawa da tsohuwar siga take rufa wa asiri, musamman idan aka ba da rubutu a inda ake jiran lamba, ko aka ba da `null`, wato rashin ƙima, a inda ake jiran jeri. Zama a kan 7.4 kuma ba mafita ba ne, tun da an daina yi mata gyaran tsaro a Nuwamban 2022. Mafi yawan waɗannan kurakurai sun daɗe kwance a cikin manhajar, sabuwar sigar dai ta tona su ne kawai, don haka aikin mai gyara shi ne ya bi sawun bayanin har inda ya shigo, kada ya tsaya ga layin da ya yi ƙara.

Kafin komai, a kafa kwafin manhajar a sabar gwaji tare da kwafin rumbun bayanai na gaske, bayan an goge bayanan sirri na mutane. Rumbun da aka cika da misalai masu tsabta ba zai nuna komai ba, domin guraben da aka bari babu komai da tsofaffin layukan da aka shigar tun kafin a tsaurara dokokin fom su ne ke jawo matsala. A sa `error_reporting` a kan `E_ALL`, a kunna `log_errors`, sannan a fara gudanar da manhajar a kan 7.4 ɗin kanta. Mutane da dama suna tsallake wannan mataki, alhali gargaɗin da 7.4 take rubutawa a rajista, wato fayil ɗin da ake tara saƙonnin kuskure, shi ne yawanci zai zama kuskure mai tsayar da aiki a 8.0. Aikin `count` misali ne: tun daga 7.2 yake gargaɗi idan aka ba shi abin da ba jeri ba, sai a 8.0 ya koma jefa `TypeError`. Haka kuma a tambayi Composer, mai kula da ɗakunan karatun da manhajar ta dogara da su, da umarnin `composer why-not php 8.0` domin a san ɗakunan karatu na waje da ba su shirya ba, a sabunta su tukuna, kada a ɓata lokaci ana gyaran abin da masu shi suka riga suka gyara.

Idan an hau sabuwar siga, kurakurai masu ƙara su ne mafi sauƙi. Saƙon yakan faɗi komai idan aka karanta shi har ƙarshe: sunan aikin, gurbi na nawa ne, nau'in da ake jira, nau'in da aka samu, da fayil da layi. Wanda ya ga `must be of type Countable|array, null given` ya san cewa wani aiki da ya kamata ya dawo da jeri ya dawo hannu rabbana. Wanda ya ga `Unsupported operand types: string + int` ya san cewa an yi lissafi da rubutun da ba lamba ba ne, kuma sau da yawa gurbin fom ne da mai amfani ya bari babu komai. A 7.4 ana ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin sifili, a yi gargaɗi, a wuce.

A nan ne gaggawa take yin ɓarna. Hannu yakan yi saurin naɗe ƙimar da `intval`, aikin da ke mayar da ƙima zuwa lamba, a layin da ya fashe, saƙon ya ɓace, a ce an gama. Amma `intval` yana mayar da duk rubutun da bai fara da lamba ba zuwa sifili ba tare da ya ce uffan ba, sai ga rasit ya fita da adadin kaya sifili ko farashi sifili, kuma babu wanda zai lura sai ranar haɗa lissafi. Lamarin kamar rufin da ke yoyo ne, inda ruwa yake ɗiga ba lallai nan ne hujin yake ba. Abin da ya dace shi ne a bi jerin kiraye-kirayen da ke ƙarƙashin saƙon daga sama zuwa ƙasa, a kowane mataki a rubuta nau'in ƙimar a rajista da `get_debug_type`, wanda ya zo da 8.0, ko a tsayar da aikin da Xdebug, kayan bin diddigin kuskure, a leƙa, har a isa wurin da ƙimar ta fara baudewa. Kusan kullum wurin ɗaya ne daga cikin ƙofofi kaɗan: fom, rumbun bayanai, amsar wata sabar ta waje, ko fayil ɗin saituna. Duk abin da ya shigo ta `$_GET` ko `$_POST` rubutu ne ko jerin rubutu, ko da mai amfani ya buga lamba. A wannan ƙofa ake tantance shi da `filter_var` da `FILTER_VALIDATE_INT`, a yanke shawara ɗaya game da abin da za a yi idan bai inganta ba, ko a ƙi karɓa, ko a sa ƙimar da aka zaɓa da gangan. Gyara ɗaya a ƙofa yakan kashe saƙonni da dama a can ciki.

Kurakuran da suka fi cin lokaci su ne waɗanda ba sa ƙara ko kaɗan. Na farko shi ne kwatanta lamba da rubutu da alamar `==`. A PHP 7, `0 == "abc"` gaskiya ne, haka ma `0 == ""`, amma a PHP 8 dukansu ƙarya ne. A ɗauki sharaɗin da ke cewa idan adadi ya yi daidai da sifili a mayar da mai saye baya: a da gurbin da ba a cike ba yana faɗawa cikin wannan tarko, yanzu kuwa yana wucewa salin alin. Babu saƙo, babu gargaɗi, sakamako ne kawai ya canza. Wannan sauyi ya shafi `switch` da `in_array` da `array_search`, domin su ma kwatancen sako-sako suke yi idan ba a tsaurara musu ba. Dole a binciko duk inda aka kwatanta da sifili a cikin manhajar, a tambayi kowanne abin da marubucinsa yake nufi, sannan a mayar da shi `===`, mai kwatanta ƙima da nau'i tare, bayan an tabbatar da nau'in ɓangarorin biyu.

Na biyu ya zo ne da 8.1 a shekarar 2021, kuma ya fi wahalar da waɗanda suka yi taka-tsantsan tun farko. PDO, sashen PHP da ke magana da rumbun bayanai irin MySQL, a tsarinsa na asali, a da yana dawo da lambobi a matsayin rubutu, daga 8.1 kuma yana dawo da su a matsayin lambobi na gaske. Sharaɗi irin `$layi['kunne'] === '1'` wanda ya yi shekaru yana aiki sai ya koma ƙarya, mai izini ya rasa izininsa. Abin yakan tsallaka har burauza, domin `json_encode` zai fitar da 5 a maimakon "5", kuma JavaScript ɗin da ke karɓa yana iya haɗa su ko kwatanta su ta wata hanya dabam. Ana iya kunna `PDO::ATTR_STRINGIFY_FETCHES` domin a dawo da tsohon hali na ɗan lokaci, amma a lura cewa ginshiƙan `DECIMAL` har yanzu rubutu suke dawowa.

Na uku gajere ne. Tun daga 8.0, `curl_init` da ayyukan hoto na GD suna dawo da abubuwa masu aji irin `CurlHandle` da `GdImage`, saboda haka `is_resource` zai ce ƙarya ko da komai ya tafi daidai. A maye gurbinsa da duba ko ƙimar ba `false` ba ce.

A 8.1 kuma rajista takan cika da gargaɗin `Passing null to parameter`, daga ayyuka irin `trim` da `strlen` da `htmlspecialchars`. Ba ya tsayar da aiki tukuna, amma sanarwa ce ta abin da ke tafe. Sanya `?? ''`, wanda ke maye gurbin `null` da rubutu marar komai, ya wadatar a wurin nuna suna a shafi. A wurin kuɗi ko kwanan wata kuwa, rashin ƙima da sifili ba abu ɗaya ba ne, kuma a ganina bai kamata a haɗe su ba don kawai rajista ta yi shiru.

Ido kaɗai ba zai iya bin babbar manhaja ba. Kayan bincike irin PHPStan da Psalm suna karanta rubutun manhajar ba tare da gudanar da shi ba, su nuna inda nau'i ya saɓa, kuma gara a fara daga mataki mafi sauƙi a riƙa hawa, domin wanda ya fara daga sama saƙonni za su binne shi. PHPCompatibility yana nuna abubuwan da aka cire daga harshen, Rector kuma yana sake rubuta wasu da kansa, sai dai a karanta kowane sauyi nasa kafin a karɓa. Game da `declare(strict_types=1)`, layin da ke tsaurara dokar nau'i, a bar shi sai ƙura ta lafa, sannan a riƙa sa shi fayil bayan fayil, domin yana shafar kiran da ake yi daga fayil ɗin da aka rubuta shi ne kawai, kuma haɗa shi da ɗaga siga a rana ɗaya yana hana a san wanne ne ya jawo wane kuskure. Saboda wannan dalili ne ma ya fi kyau a hau daga 7.4 zuwa 8.0, a tsaya a share rajista, sannan a wuce 8.1.

Bayan an saki sabuwar sigar ga jama'a, a ci gaba da karanta rajista kullum, kuma a gudanar da ayyukan da ke tashi da kansu bisa jadawali da hannu a sabar gwaji, irin rahoton ƙarshen wata da saƙonnin tunatarwa, domin babu mai danna su a lokacin gwaji, kuma su ne suka fi taɓa tsofaffin layukan rumbu masu gurabe marasa komai.