Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora sabon tayil a kan tsohon daɓen banɗaki

Mutane da yawa suna ɗora sabon tayil a kan tsoho domin gudun ƙura da wahalar fasa daɓe, kuma hakan yana yiwuwa, amma sai an tabbatar tsohon yana nan daram. Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara aiki ba tare da an gwada shi ba. A ɗauki ƙotar guduma a ƙwanƙwasa kowane tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara kamar ganga ya rabu da simintin da ke ƙarƙashinsa, don haka dole a cire shi, a cike gurbinsa, a bari ya bushe. Idan kuwa ledar ɗaki ce a shimfiɗe, a ɗauke ta gaba ɗaya.

Akwai kuma masu kwaɓa siminti da yashi su shafa a kan tayil mai sheƙi. Fuskarsa ba ta shan ruwa, ga ragowar sabulu da maiƙo na shekaru, saboda haka kwaɓin ba ya kamawa. Gyaran shi ne a wanke daɓen sosai, a gurje sheƙin da inji, sannan a yi amfani da gam ɗin tayil wanda aka rubuta a buhunsa cewa ya dace da wannan aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne sakaci da gangaren ruwa. Na taɓa ganin banɗakin da aka gama shi tsaf, amma da aka yi wanka sai ruwan ya taru a bakin ƙofa, magudanar kuma tana can a bushe. Ana bukatar gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana, kuma ya kamata a zuba bokitin ruwa a kan tsohon daɓen tun kafin a fara, domin sabon tayil zai bi duk karkatar da ya tarar.

Daɓen zai ƙara tudu da fiye da santimita 1, don haka a rage ƙasan ƙofa, a cire kwanon masai a maido shi a kan sabon tayil maimakon a yanka tayil a kewaye shi. Kada a taka wurin ko a cike tsakanin tayil sai bayan aƙalla awa 24.