Yadda za ka jagoranci masu rubuta manhaja da ke ƙasashe daban-daban daga Yamai

Kafin komai, ka liƙa jadawalin agogon ƙasashen abokan aikinka a gaban teburinka. Nijar ba ta canza lokaci duk shekara, amma Faransa tana ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka taron da kuka saba yi da na Paris yana iya wuce ka ba ka ankara ba. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, Montreal ta Kanada kuwa tana bayanmu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Sa'ad da na Bangalor ta Indiya ke tashi daga aiki ƙarfe 6 na yamma, a Yamai ƙarfe 1 da rabi ne na rana, na Kanada kuma bai ma kunna kwamfutarsa ba. Mu ne a tsakiya, saboda haka ka ba Indiya safiyarka, ka ba Kanada yammacinka, kada ka hana kowa barci don a haɗu gaba ɗaya.

Tun da haɗuwa tana wuya, dole aiki ya riƙa sauya hannu a rubuce. Ka wajabta wa kowa, kafin ya tashi, ya rubuta a Jira, manhajar bin diddigin ayyuka, abin da ya gama, inda ya tsaya da abin da ya tare shi, domin wanda zai ɗora daga baya kada ya ɓata yini guda yana jiran amsar tambaya ɗaya. A nan ne muka fi yin sakaci, domin mun saba da saƙon murya na WhatsApp, alhali shawarar da aka yanke cikin murya ba ta samuwa bayan wata biyu idan gardama ta tashi. Haka kuma a watannin zafi na Afrilu da Mayu, lokacin da ake yawan ɗauke wuta, kowa ya riƙa tura aikinsa GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, sau da yawa a yini.

Ka sanar da abokan aikinka na ƙasashen waje lokacin sallar Juma'a da sauyin awoyi na azumi tun da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun matasanmu a taro. Yaro zai ce "to" saboda kunyar manya ko tsoron turancinsa, bai kuwa fahimci aikin ba. Bayan taro ka kira shi shi kaɗai, ka ce ya maimaita maka abin da aka ɗora masa da bakinsa, da Hausa ko Zabarmanci in ya fi masa sauƙi, sannan ku rubuta shi tare a Jira.