Yadda Ake Zaɓar Tsarin Da Za A Yi Wa Sabon Kasuwanci Rajista

Mai shirin fara kasuwanci yakan kwana yana tunanin suna da tambari da inda zai samo jari. Amma akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi: idan harkar ta karye da bashi a kanta, wa za a kama? Daga amsar wannan tambaya ya kamata a fara zaɓen tsari.

Mataki na farko: auna haɗarin da ke cikin sana'ar

Zauna da takarda ka rubuta mafi munin abin da zai iya faruwa. Za ka riƙa karɓar kaya bashi? Za ka ɗauki ma'aikata? Kayanka ko aikinka zai iya cutar da wani har ya kai ka kotu? Idan amsoshin duk a'a ne, kasuwancin mutum ɗaya ya ishe ka. Shi ne mafi sauƙin rajista, ribar taka ce, shawara ma taka ce. Sai dai a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, don haka mai bin shago bashi yana iya bin gidanka da motarka.

Mataki na biyu: idan ba kai kaɗai ba ne, a rubuta

A nan na fi so mai karatu ya tsaya, domin nan ne zumunci ya fi lalacewa. A haɗin gwiwa na gama-gari, kowane abokin tarayya wakilin sauran ne. Idan ɗaya ya ci bashi da sunan harkar, bashin ya hau kan kowa, ko da sauran ba su san ranar da aka ci shi ba. Kuma inda babu yarjejeniya, doka ce za ta yanke muku. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda ƙasashe da dama suka ɗauki salonta, ta ce a raba riba daidai wa daida, ba tare da duba wanda ya fi zuba jari ba, kuma mutuwar ɗaya tana rushe tarayyar. Saboda haka ku rubuta nawa kowa ya kawo, wane ne zai sa hannu a banki, yadda za a raba riba da asara, da yadda za a sallami wanda ya ce ya gaji. Ku yi wannan tun ana dariya, kafin kuɗi su shigo.

Mataki na uku: fahimci abin da kamfani yake ba ka

Kamfani mai iyakataccen alhaki, irin wanda ake liƙa wa Ltd a Ingila, ko GmbH a Jamus, ko LLC a Amurka, mutum ne na daban a wurin doka. Yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ana ƙararsa, yana ƙarar wani. Mai hannun jari ba ya asarar abin da ya wuce jarin da ya zuba ko ya yi alkawarin zubawa. Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'ida ita ce ta Aron Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan, wanda ya mayar da kasuwancinsa kamfani ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗai-ɗai. Da kamfanin ya durƙushe, aka nemi a ɗora masa bashin. A ƙarshen 1896 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta ce kamfani daban, Salomon daban.

Wannan katanga tana da tsada: rahoton shekara-shekara, ajiye lissafi a tsare, da kuɗin akanta. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Banki yakan nemi mai sabon kamfani ya tsaya wa rancen da kansa, kuma da zarar ka sa hannu, wannan bashin ya zama naka. Haka idan aka yi amfani da kamfani wajen zamba, kotu na iya tsallake shi ta kama mai shi.

Idan ku masu sana'a ɗaya ne da yawa kuna son saye ko sayarwa tare, ku duba ƙungiyar gama kai, tsarin da masaƙan garin Rochdale na Ingila suka shahara da shi tun 1844, inda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa.

Mataki na huɗu: haraji da jarin gobe

Ribar mai kasuwanci shi kaɗai ana lissafa ta cikin kuɗin shigarsa. Kamfani kuwa yakan biya nasa harajin, sannan a wasu ƙasashe mai hannun jari ya sake biya a kan rabon da ya karɓa. Wanne ya fi sauƙi ya danganta da ƙasa da yawan riba, don haka kai wa akanta ƙiyasinka na shekara ya buga maka duka biyun. Idan kana sa ran masu zuba jari, sani cewa hannun jari suke nema, kuma kamfani ne ke da shi.

Mataki na biyar: yi rajista, ka raba aljihu

Bincika ko wani ya riga ka sunan, sannan ka miƙa takardu ga hukumar rajista ta ƙasarka. Lasisin sana'a daban yake da rajista, a neme shi idan aikin na buƙata. Buɗe wa kasuwancin asusunsa, ka yanka wa kanka albashi, kada kuɗin gida su riƙa fita daga can. Wanda ya fara shi kaɗai yana iya komawa kamfani daga baya, amma sai ya mayar da kadarori da kwangiloli da asusu zuwa sabon sunan, kuma bashin da ya ci kafin sauyin yana nan a wuyansa.