Yadda Ake Gano Matsalar Maus Marar Waya a Windows, macOS da Linux

Kafin mutum ya ɗora wa Windows ko Linux laifi, ya kamata ya fara sanin ta wace hanya maus ɗinsa yake magana da kwamfuta, domin a nan ne galibin mutane suke ɓata lokaci. Hanyoyin biyu ne: akwai mai zuwa da ɗan ƙaramin risiba da ake sokawa a kafar USB, akwai kuma mai amfani da Bluetooth. Dukkansu suna aiki a zangon rediyo na 2.4 GHz, sai dai mai risiba tun daga masana'anta aka haɗa shi da risibansa, don haka kwamfuta take karɓarsa tamkar maus mai waya, yayin da mai Bluetooth kuwa, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce take riƙe da mabuɗin haɗin. Wannan bambanci shi ne zai nuna maka inda za ka duba.

Da farko a kawar da abubuwa masu sauƙi. A canza batir da sabo mai kyau, a juya maus ɗin a tabbata makunnin da ke ƙarƙashinsa yana kunne, a goge idon da ke karanta motsi idan ƙura ta rufe shi, sannan a ɗora shi a kan farar takarda, saboda yawancinsu ba sa gani a kan gilashi. Bayan haka a gwada shi a wata kwamfutar. Idan can ma ya ƙi, to ciwon yana jikin maus ɗin ne ko risibansa.

Idan mai risiba ne kuma kibiyar da ke kan allon kwamfuta tana tsalle ko tana tsayawa jefi-jefi, abin da na fi zargi shi ne kafar da aka soka shi. Tun a 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa kafofin USB 3.0, waɗanda sau da yawa cikinsu shuɗi ne, suna fitar da hayaniyar rediyo da ke dagula zangon 2.4 GHz, musamman idan akwai filashi ko had-dis a kafar da ke gefe. Maganin shi ne a mayar da risiban kafar USB 2.0, ko a sa masa gajeriyar wayar ƙari ta kawo shi kusa da hannu. Haka nan ba kowane risiba ne ke shiga kowane maus ba, ko da kamfaninsu ɗaya. Na Logitech mai suna Unifying, mai alamar ruwan lemo, yana ɗaukar na'urori har shida, amma ba ya jituwa da Bolt, wani risiban na Logitech da ya fito a 2021. A Linux, manhajar Solaar ce ake sake haɗa maus ɗin Logitech da risibansa da ita.

Mai Bluetooth ne ya fi bukatar haƙuri. A Windows, a shiga Settings, a je sashen Bluetooth, a cire maus ɗin gaba ɗaya daga jerin na'urori, sannan a danne maɓallin haɗawa da ke ƙarƙashinsa har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri kafin a sake ƙara shi. Idan kuma yana haɗuwa amma yana yankewa bayan an ɗan bar shi, a buɗe Device Manager, a sami na'urar Bluetooth ta kwamfutar, a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe ta don tattalin wuta. Wanda har yanzu yake kan Windows 7 ya sani cewa ita da kanta ba ta gane Bluetooth Low Energy, wato nau'in Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, wanda yawancin sababbin maus suke amfani da shi, kuma sake haɗawa sau ɗari ba zai canza hakan ba.

A macOS aikin bai da yawa: a shiga System Settings, a sa kwamfutar ta manta da na'urar, a sake haɗawa. A Linux kuwa, a cikin terminal, wato inda ake rubuta umarni, umarnin rfkill list yana nuna ko an toshe Bluetooth, rfkill unblock bluetooth yana buɗe shi, sannan da bluetoothctl ake nemo maus ɗin, a haɗa shi, a kuma ba shi umarnin trust domin ya riƙa dawowa da kansa.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce ta wanda ya sa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Maus ɗin na'urar Bluetooth guda yake gani a kwamfutar, amma kowace manhaja tana ƙirƙirar nata mabuɗin, shi kuma na ƙarshe kaɗai yake tunawa, shi ya sa da zarar an haɗa shi a ɗaya sai ya daina aiki a ɗayar. Ana iya kwafe mabuɗin daga rajistar Windows, wato inda take ajiye saitunanta, zuwa fayilolin da ke /var/lib/bluetooth, amma aiki ne mai bukatar taka-tsantsan, kuma ban cika ba sabon shiga shawarar taɓa shi ba. Idan maus ɗin yana da risiba, a soka shi kawai, domin duk manhajar da aka kunna za ta tarar da haɗin a shirye.