Kurakuran da ake yawan yi wajen koya wa ƙananan yara ma'anar Kirsimeti

Da zarar Disamba ta kama a Gombe, hunturu ya busa, sai ka ga iyaye Kirista sun cika shagunan teloli da wajen masu kaji a kasuwa, kowa yana ƙoƙarin kada ɗansa ya fita ranar Kirsimeti da tsohuwar riga. Babu laifi a cikin wannan. Amma idan ka tsayar da yaro ɗan shekara shida a ƙofar majami'a ka tambaye shi abin da ake murna a kai, sau da yawa amsarsa ba za ta wuce sabon takalmi da shinkafa da nama ba, domin abin da ya ji manya sun shafe wata guda suna magana a kai ke nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sakar wa malaman makarantar Lahadi aikin gaba ɗaya, kuma a bari sai ana saura mako guda sannan a fara. Malamin da yake ganin yaro awa ɗaya a mako, a cikin aji mai cike da hayaniya, ba zai iya maye gurbin uwa da uba ba. Majami'un Katolika da na Angilika suna ware Lahadi huɗu kafin Kirsimeti domin shirin zuwan Almasihu, kuma iyalin da ke majami'ar ECWA ko COCIN ma zai iya aron wannan tsari a gida. Labarin haihuwar duka yana cikin surori huɗu ne, wato biyun farko na littafin Matiyu da biyun farko na littafin Luka, saboda haka ana iya raba shi: makon farko saƙon mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu, na biyu mafarkin Yusufu, na uku tafiya Baitalami da makiyaya, na huɗu baƙin da suka zo daga gabas. Minti biyar a lokacin addu'ar dare ya isa.

Akwai kuma cakuɗa abin da yake a rubuce da abin da al'ada ta ƙara, wanda ya fi fitowa a wasan kwaikwayon da yara suke yi a majami'a. Kowace shekara muna naɗa wa yara uku rawani mu kira su sarakuna, mu tsayar da su kusa da makiyaya a bakin komin dabbobi. Matiyu kuwa bai kira baƙin nan da suka zo daga gabas sarakuna ba, bai kuma faɗi yawansu ba. Kyautai ne ya lissafa guda uku, zinariya da lubban da mur. Ya ce a cikin gida suka sami yaron, kuma umarnin da Sarki Hirudus ya bayar na kashe yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa yana nuna cewa an ɗan jima da haihuwar kafin su iso. Jakin da muke ɗora Maryamu a kai da mai masaukin da yake korarsu da tsawa, babu su a cikin nassi. Haka ma ranar: Littafi Mai Tsarki bai ce 25 ga Disamba ba, shaidar farko ta yin bikin a wannan rana daga birnin Roma take, ta shekarar 336, kuma har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. Ban ce a soke wasan ba, don yara suna sonsa kuma yana sa labarin ya zauna musu. Abin da nake gudu shi ne ranar da yaron zai shiga makarantar sakandare, wani ya nuna masa cewa sarakuna ukun nan ba sa cikin littafin, sai ya fara zargin sauran abin da aka koya masa. Maganin kuwa jimla ɗaya ce da za a faɗa kafin a fara gwaji: wannan a rubuce yake, wancan kuwa mu muka ƙara domin wasa ya yi armashi.

Wani abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda muke dogara da hotunan ƙanƙara da itatuwan ado da Baba Kirsimeti, alhali yaranmu sun fi yaran Turai kusanci da ainihin labarin. Yaron da ya tashi a Kaltungo ko Billiri ya san makiyayi, ya san garke, ya san abin da ake zuba wa tumaki dusa a ciki, kuma in ka kai shi bayan gida ka nuna masa ka ce a cikin irin wannan aka kwantar da jariri Yesu, ba zai manta ba. Ya san yadda gidan kaka a Tafawa Balewa ko Bogoro yake cika a ƙarshen shekara har wasu su kwana a zaure, saboda haka rashin wuri a Baitalami lokacin ƙidayar Kaisar Augustas ba baƙon abu ba ne a gare shi. Tazarar Nazarat da Baitalami kusan ta Bauchi da Gombe ce. A tambaye shi yadda mace mai tsohon ciki za ta yi wannan tafiya babu mota. Luka ya kuma ambaci hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu da Maryamu da Yusufu suka kai Haikali, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya tanada wa wadda ba ta da halin ɗan rago, kuma wannan yana da daɗin ji ga yaron da a bana ba a ɗinka masa komai ba. Shi kuwa Baba Kirsimeti, in yaro ya tambaya, a gaya masa gaskiya cewa asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya kuma yi suna wajen taimakon matalauta.

Kuskuren hadda babu fahimta ni ma na yi shi. Wata shekara na sa wata yarinya 'yar shekara bakwai ta haddace Luka 2:11, ta tsaya gaban jama'a da sabon ɗankwali ta zubo ayar ba gargada, 'yan zumuntar mata suka yi ta guɗa. Da muka fito na ce mata, "'Yata, mene ne Mai Ceto?" Ta yi shiru tana wasa da bakin zaninta, can ta ce, "Malama, sunan babansa ne." Laifin nawa ne, domin na ba ta kalma ban ba ta ma'ana ba. Tun daga ranar nakan fara da abin da yaro ya sani: ɗan akuyan da ya faɗa rijiya ba ya iya fitar da kansa, sai wani ya sauka ya ɗauko shi. Daga nan sai in kawo sunaye biyun da ke Matiyu sura 1, wato Yesu, domin zai ceci mutanensa daga zunubansu, da Immanuwel, ma'ana Allah yana tare da mu.

Iyaye da yawa kuma suna rushe wannan darasi da bakinsu ba tare da sun lura ba, ta wurin cewa yaro in bai yi hankali ba babu kayan Kirsimeti. Koyarwar Kirista ita ce Allah ya ba da Ɗansa kyauta ga waɗanda ba su cancanta ba, to yaya yaro zai gane alheri idan tun farkon wata ana nuna masa cewa rigarsa lada ce? A yi horo a lokacin horo, a bar kyautar ta zama kyauta.

A Bauchi da Gombe yara ne suke kai kwanon abinci gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda su ma ake aiko musu da naman Sallah, kuma ba a cika shirya su don tambayar da abokansu za su yi musu ba. Ya kamata yaro ya san cewa maƙwabtan suna girmama Annabi Isa ɗan Maryam, cewa abin da suka gaskata game da shi ya bambanta da namu, kuma aikinsa shi ne ya yi sallama, ya gaida manya, ya ce yau muna murnar haihuwar Yesu, ya karɓi kwanonsa ya dawo ba tare da gardama ba.

Ranar bikin kanta ba ta da daɗin koyarwa, don yara suna can yawon barka da Kirsimeti, su dawo a gajiye da kuɗi a aljihu. Kwanakin da suke biyo baya, kafin a koma makaranta a Janairu, sun fi natsuwa, kuma a nan ne ya kamata a ba da sauran labarin da aka saba tsallakewa, wato kai jaririn Haikali a Urushalima, gudun hijira zuwa Masar da dare, da komawar iyalin Nazarat bayan mutuwar Hirudus.